Kangon Sa'adiya

Shafi na 23

Da sunan Allah mai rahama. Masu cika min waya da "ina ci gaba, ina ci gaba", to ga shi nan, ku sarara min in sha ruwa. Ke kuma baiwar Allah da kika rubuto cewa Sa'adiya ta cika taurin kai, gyara zama, ba ki ga komai ba tukuna.

*

Ranar Alhamis ce, saura kwana biyu soja su miƙa mulki ga farar hula. Duk inda ka zauna a Kano zancen ke nan, daga teburin mai shayi har rumfar mai faci. Hajiya Sa'adiya kuwa ba ta wannan take ba. Tun da ta shiga tasi a Gyadi-Gyadi har aka sauke ta a ƙarshen Tarauni, inda gidaje suka ƙare gonaki suka fara, idonta na kan gabas. Hadari ne yake haɗowa daga ƙasa-ƙasa, ga wani irin zafi mai sa mutum ya tsani rigarsa.

Kwana uku ke nan da aka kankare ruɓaɓɓiyar ƙasar da ke kan rufin gidan gonar da ta saya, azara duk a waje. Yau ne za a shimfiɗa sabuwa. In ruwa ya riga su, ba sai an faɗa ba, gidan ƙasa ne, zai jiƙe daga sama har ƙasa ya zauna.

Gidan da dangi suka raɗa wa suna Kangon Sa'adiya ke nan. Gwalagwalanta ta sayar, ta haɗa da abin da ta tara a shekara ashirin na aikin jinya, ta saye shi. Kowa ya ce ta haukace. Ta ce ta ji, haukan ai nata ne.

Tana isa ta ja ta tsaya. Tulin ƙasar da aka kwaɓa da ciyawa aka bar ta ta kwana bakwai yana nan a gefen zaure, lulluɓe da tsofaffin tabarmi. Kwanduna a kife. Tsani a jingine. Babu mutum ko ɗaya.

"Baba Isyaku!"

"Na'am, Hajiya. Ina ciki."

Ya fito yana dafa bango. Tsoho ne da ya haura saba'in, gwiwoyi sun gaji amma ido garau. A duk maginan da ta zaga, shi kaɗai ne ya yarda gidan zai tashi. Sauran cewa suka yi a rushe.

"Ina leburorin?"

"Ba su zo ba."

"Duk su shidan?"

"Duk su shidan. Jiya bayan tafiyarki aka aiko musu. An ce Honarabul ya ce duk wanda ya ƙara taka ƙasar gidan nan, kada ya kuskura ya zo ƙofarsa neman alfarma in an rantsar da shi. Kin san talaka, Hajiya. Ya fi tsoron mai hawa a kan mai sauka."

Sa'adiya ta ciji leɓe. Honarabul ɗin ba wani ba ne, Yaya Garzali ne, wanda suka fito ciki ɗaya. Zaɓen kansila ya ci, kuma tun ba a rantsar da shi ba hularsa ta ƙara tsawo.

"Kujerar ma bai hau ba ya fara korar min ma'aikata," ta ce. "To Allah ya kai mu ya hau."

"Bar wannan tukuna. Zo ki ga abin da na tono."

Ta bi shi har ɗakin tsakiya, wanda ya fi kowane ɗaki lafiya a gidan. Da ya ga babu masu aiki, tsohon bai zauna ba, ya ɗauki guduma da kurfi ya dinga ɓamɓare simintin da masu gidan na da suka shafe bangon da shi, faci a kan faci. Ƙasan ɗakin duk ɓaraguzai. Inda simintin ya fita, ƙasar asali ta bayyana, ja, sumul, tana warin damshi.

Ya nuna mata wani wuri daidai ƙirjinta, a bayan ƙofa.

Tafin hannu ne. Babba, an danna shi a bangon tun ƙasar tana ɗanya, har layukan tafin ana gani.

"Ƙirga yatsun," in ji shi.

"Ɗaya, biyu, uku... huɗu. Baba, huɗu ne."

"Ƙaramin na hagu azara ce ta datse shi, a gabana, lokacin ina koyon aiki a wurinsa. Hannun maigidana ne, Malam Tanko Magini." Ya dube ta. "Hannun babanki ne, Sa'adiya."

Yau ne ya fara kiran sunanta babu Hajiya.

Ta san mahaifinta ne ya gina gidan. Bara suna wucewa a mota Inna ta nuna shi da haɓa ta ce, "Babanki ne ya gina wancan," daga nan ta ja bakinta ta rufe, ko da tambaya ba ta ƙara ba. Dalilin sayen ke nan, kuma ba ta gaya wa kowa ba. Tana cikin Inna ya rasu. Babu hotonsa, babu hularsa, babu ko carbi. Shekara arba'in da ɗaya tana jin ana cewa ta yi kama da shi, ba ta da abin da za ta duba ta gaskata.

Ta ɗaga hannunta na hagu ta sa a cikin nasa. Ya haɗiye nata gaba ɗaya. Kuka ya zo mata, ba ta tare shi ba, ta yi abinta kamar ƙaramar yarinya.

Sai da ta share ido ta lura akwai wani a gefe, ɗan ƙarami, yatsu biyar cif.

"Wannan fa?"

"Na yayanki ne. Yana shekara tara."

A gefen ƙaramin kuma an ja da'ira da yatsa, faɗin bakin ludayi, babu komai a cikinta.

"Wannan kuma fa?"

Tsohon ya girgiza kai. "Wannan ban sani ba. Ranar an aike ni cikin gari."

Ba ta kai ga wata tambayar ba ta ji ƙasa tana rawa a ƙarƙashin ƙafarta. Ƙura ta zubo daga tsakanin azara. Wani gurnani yana tahowa daga bakin titi, yana ƙara kusantowa.

Suka kalli juna. Ta kwasa a guje.

Katafila ce, rawaya, ta baro titi ta biyo ta cikin gona tana murƙushe kunyoyin da maƙwabta suka yi shiri da su. A gabanta farar fijo. Fijon ta tsaya, aka buɗe baya, Garzali ya fito cikin farar shadda mai ɗaukar ido da baƙin takalmi sau-ciki, sai ka ce yau ne rantsuwar.

Sa'adiya ta zare mayafinta ta ci ɗamara da shi. Ta tsaya a tsakiyar ƙofar zaure, hannu ɗaya a kowane gefe.

"Sannu da zuwa, Yaya. Baƙo ka kawo min?"

"Sa'adiya, fito daga nan."

"Ban gane ba."

"Kin gane sarai. Na gaji da magana. Wani abokin tafiyarmu ya ba ni aron motar nan zuwa la'asar. Yanzu za a share wurin nan, bayan rantsuwa in sa a zana miki gida na bulo, ɗaki huɗu da falo, rufin kwano. Ko sisinki ba na so."

"Allah ya saka da alheri. Ba na so."

"Ba tambayarki nake ba."

"Yo ai shi ne kuskuren. Gidan wa za a share ba a tambayi mai shi ba?"

Ya matso taku biyu, yana ɗage rigar kada ta taɓa ƙasa.

"Ni na tsaya miki wakili aka sayi wurin nan."

"Wakili ka tsaya, Yaya, ba mai gida ba. Takarda tana cikin jakata, sunana ne a jiki, da hannun mai unguwa. In ka manta karatun in ɗauko maka."

Direban katafilar, wani dogo mai suna Sani, ya kawar da kai yana danne dariya. Garzali ya gani, fuskarsa ta ƙara ɗaurewa.

"Satin da ya wuce katangar yamma ta faɗi, ko ƙarya ne?"

"Gaskiya ne."

"Kuma a nan kike cewa za ki kawo Inna ta zauna! Tsohuwa, ga hawan jini. Wallahi ina raye ba za ki sa uwata a ƙarƙashin kango ba."

Wannan ta taɓa ta, don ta san ba ƙarya ya yi ba, yana son Inna kamar ransa. Amma ba ta matsa ba.

"Uwarka uwata ce. Kuma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Inna ta taɓa ce maka tana barci a benen nan naka? Zafi ya hana ta, kullum a tsakar gida take kwana a kan tabarma. Ka tambaye ta."

"Zan sa mata fanka."

"Da wace wutar?"

Sani ya kasa riƙewa, dariyar ta kuɓuce. Garzali ya juya ya watsa masa harara, sannan ya dawo kanta, murya ƙasa-ƙasa.

"Kin san abin da ake faɗa a gari? Ƙanwar kansila tana kwaɓa laka a bayan Tarauni kamar wadda ta rasa gata. 'Yan adawa har waƙa suka yi min da shi. Ki rufa min asiri mana!"

"Laka ce abin kunyar?"

"Sa'adiya!"

"Na'am, Honarabul."

Ya ɗaga hannu. "Sani, matso da ita."

Katafilar ta yi wani irin kuka, ta sauke bakinta a ƙasa, ta taho tana tura ƙasa da ciyawa a gabanta. Zafin injin ya bugi fuskar Sa'adiya. Tsoro ya kama ta, don kada a gani sai ta zauna daɓas a dokin ƙofar, ta miƙe ƙafafu, ta harɗe hannuwa a ƙirji.

Ni dai da ni ce, da tuni na kai Unguwa Uku a guje. Amma wannan 'yar Tanko ce.

Saura taku huɗu Sani ya taka birki.

"Ranka ya daɗe, mutum ce fa a zaune."

"Za ta tashi."

"Ba zan tashi ba," in ji ta. Sai da ta ɗaga murya saboda ƙarar injin. "Shekara goma sha biyar muna cewa 'to' ga masu bindiga. Jibi za su tafi, kai kuma yau za ka fara naka? Ni na zaɓe ka, Yaya! Na bi layi cikin rana na dangwala maka. Ban dangwala don ka zo min da katafila ba."

"Me ke cikin gidan nan? Gaya min! Me ke cikinsa ban da gara da jemage?"

Ta dube shi ido cikin ido.

"Na san wanda ya gina shi."

Kamar an zare masa laka. Hannun da ya ɗaga ya sauko a hankali. Ya dubi Baba Isyaku da ke tsaye a bayanta, kallon da bai yi masa ba tun zuwansa, sai yanzu ya gane tsohon.

"Kai ne ka gaya mata?"

"Inna ce," Sa'adiya ta riga shi. "Kai kuwa shekara nawa kana ce wa mutane babanmu ɗan kasuwa ne? Magini ne, Yaya. Laka yake takawa. Da ita ya ciyar da kai. Shi ne kake so ka share don kada a tuna?"

"Ke kin san me?"

Tsawar da ya yi har Sani sai da ya zabura.

"Kin san me, Sa'adiya? Kin ɗauka kunya nake ji? To bari in gaya miki abin da Inna ba ta gaya miki ba." Ya nuna dokin ƙofar da take zaune a kai. "A nan. Daidai inda kike zaune. A nan Alhajin da ke da gonar nan a lokacin, mai fataucin gyaɗa, ya mari Baba. A gaban leburori, a gabana. Hularsa ta faɗi a cikin kwaɓi, ni na ɗauko masa."

Ta sunkuyar da kai ta dubi dokin ƙofar.

"Shekara biyu muna zaune a bukka a bayan can yana gina masa gida. Ranar aka ce mu kwashe. Ana ruwa. Inna da tsohon cikinki, tabarmi a ka, ni da tukunya, muka taka a ƙasa har Gyadi-Gyadi. A wannan ruwan ciwon haƙarƙari ya kama shi. Wata biyu ya yi. Ina riƙe da kofin ruwa ya cika." Ya share fuska da hannun rigar, ya manta shadda ce. "Na rantse a raina duk ranar da Allah ya ba ni iko sai na ga gidan nan a ƙasa. Sai ga ƙanwata ta saye shi tana yi masa kwalliya! Da kika ce in tsaya miki wakili, murna na yi, na ɗauka fili kike so."

Tausayinsa ya kama ta. Duk tsawon watannin nan ta ɗauka girman kai ne, ashe yaro ɗan shekara tara ne yake tafe da hula a hannu. Da ya tsaya a nan ya ce ta tashi, wataƙila da ta tashi.

Sai Baba Isyaku ya yi gyaran murya.

"Garzali."

Babu Honarabul, babu ranka ya daɗe.

"Ka ga marin. Ka san dalilinsa?"

Garzali ya kawar da kai.

"Ba ka sani ba, kana yaro. Ni ina tsaye da kwando a ka. Lokacin siminti ya shigo gari, duk mai kuɗi so yake a gan shi a bangonsa. Alhaji ya kawo buhuna ya ce a shafe gidan ciki da waje. Babanku ya ce a'a. Ya ce ƙasa numfashi take yi, tana shan damshi tana fitarwa, in ka rufe ta da siminti ka shaƙe ta, za ta ruɓe daga ciki ba a gani. Ya ce a bar shi ya yi yaɓen makuba, ruwan ɓawon ɗorawa, irin na iyayenmu, gidan zai ga jikoki."

"Sai me?" in ji Sa'adiya.

"Alhaji ya ce shi da kuɗinsa. Babanku ya ce, 'Kuɗin naka ne, ginin nawa ne. Ba zan kashe shi da hannuna ba.' Sau uku ana ce masa ya ɗauki cokalin siminti yana cewa a'a. A na huɗu aka mare shi. Ko da aka mare shi, da ya karɓi hular daga hannunka, cewa ya yi, 'Har yanzu a'a.'"

Tsohon ya nuna yamma da sandarsa.

"Katangar da ta faɗi, je ka duba. Wadda aka fi lafta wa siminti ce, cikinta ya zama gari. Inda simintin ya yi sirara kuwa, ga gini nan kamar jiya. Shekara arba'in, sai yanzu gaskiyar maigidana ta fito."

Sa'adiya ta miƙe. Tsoron ya tafi, tausayin ma ta ajiye shi gefe.

"Ka ji, Yaya? A kan siminti aka mare shi. Yau ga ɗansa ya zo da katafila zai rushe ginin ya zuba siminti. Alhaji ya mutu bai gama da Baba ba, kai za ka ƙarasa masa?"

"Ki iya bakinki."

"Ba zan iya ba. Gidan nan ba na Alhaji ba ne. Kuɗi kawai ya zuba, kuma magadansa sun karɓi kuɗinsu sun tafi. Ginin na Baba ne, shi ya faɗa da bakinsa. Kai ka gan shi, ka ji muryarsa, ka ɗauko masa hula. Ni fa? Ni wannan ne kaɗai nake da shi."

Ta cafki hannun rigarsa, abin da ba ta taɓa yi ba tun tasowarta.

"Zo ka gani. In ka gani ka ce a tura, wallahi ni zan matsa da ƙafata."

"Sake ni."

"Ba zan saka ba."

Ta ja shi. Da ya so ƙwacewa da ya ƙwace, amma ya biyo ta, yana tuntuɓe da ɓaraguzai, har bayan ƙofar ɗakin tsakiya.

Ya tsaya.

Haske yana shigowa ta tsakanin azara, ya sauka a kan hannuwan biyu. Garzali ya daɗe yana kallo. Ya ɗaga hannunsa mai zoben azurfa kamar zai sa a cikin ƙaramin, ya ga ba zai shiga ba, ya sauke.

"Na ɗauka sun kankare," ya ce, da wata murya da ba ta san shi da ita ba. "Ranar da aka gama ɗakin nan ne. Ya ce in wanke hannu in zo. Ƙasar da sanyi."

"Wannan fa?" Ta nuna da'irar. "Baba Isyaku bai sani ba."

Ya ƙura wa da'irar ido.

"Yaya."

"Ya ja ta da yatsa," ya ce, bai kalle ta ba. "Na ce Baba wannan na waye? Ya ce na wanda ke cikin Innarku ne. In ya zo duniya za mu jiƙa wurin mu sa nasa." Sai yanzu ya juyo ya dube ta. "Naki ne, Sa'adiya. Wurinki ya bar miki."

Ta dafa bango kusa da da'irar. Ashe ya san da ita. Mutumin da ba ta taɓa gani ba ya auna faɗin hannunta tun ba ta da hannun, ya ajiye mata wuri a gefensa. Murna da baƙin ciki suka zo mata tare, ta rasa wanda za ta fara yi.

Iska ta taso. Ta bugo ƙyauren zaure, ta kwashi tabarma ɗaya daga kan tulin ƙasa ta yi gona da ita. Hasken da ke tsakanin azara ya ɗauke. Daga gabas aka yi wata doguwar tsawa.

Wani abu ya ɗiga daga rufin ya sauka a kafaɗar Garzali. Ruwa ne haɗe da ƙasa, ya bar jan tabo a farar shaddar.

"Innalillahi," in ji Baba Isyaku daga bakin ƙofa. "Ya iso."

Sa'adiya ta juyo. "Baba, muna da lokaci?"

"Ruwan farko yakan yi jan ƙafa, iska tukuna, sai yayyafi. In Allah ya so mu, sa'a ɗaya. Gidan duka ba zai yiwu ba. Amma ɗakin nan kaɗai, in aka taka ƙasar aka hau da ita muka rufe da tabarmi, zai sha." Ya dubi gwiwoyinsa. "Shimfiɗawa zan iya. Takawa ce ba zan iya ba."

"In ba a rufe ba fa?"

"Ta bayan ƙofar nan ruwa zai fara bi. Kafin magariba babu hannu, babu da'ira."

Daga waje Sani ya ƙwalla kira, injin na ta gurnani.

"Ranka ya daɗe! In tura ko in juya? Ruwa fa zai kama mu, mai motar ya ce kada ta kwana a gona!"

Garzali bai motsa ba.

Sa'adiya ba ta jira shi ba. Ta fita, ta yaye sauran tabarmin, ta kwara bokitin ruwa a kan tulin. Ta cire takalmanta ta jefar, ta tattare zaninta zuwa ƙwauri, ta faɗa cikin kwaɓin. Sanyinsa ya ratsa ta. Ta fara takawa, tana zamewa, tana tashi, laka har gwiwa. Hajiya guda, ma'aikaciyar jinya, a gaban direba da maƙwabtan da suka fara leƙowa ta kan dannin gona. Ko a jikinta.

Garzali ya fito ya tsaya a ƙofar zaure, daidai dokin ƙofar.

"Ƙafa biyu ba za su isa ba, Yaya," ta ce tana haki. "Ka kori masu taya ni. To zaɓi ya rage naka. Ko ka ce ya tura da ni a ciki, ko ka san abin yi. Amma ni ba zan fita ba."

"Ranka ya daɗe!" Sani ya sake kira. "Me za a yi?"

Garzali ya dubi katafilar. Ya dubi mutanen da ke leƙe, waɗanda jibi za su kira shi Honarabul. Ya dubi ƙanwarsa tana dambe da laka, tana taka ta da yatsun ƙafa kamar mai tsoron ƙaya.

Fuskarsa ta yamutse, irin ta wanda aka ɓata wa aiki a gabansa.

"Ke," ya ce. "Ba haka ake taka ƙasa ba. Da dunduniya ake farawa."

Ya sunkuya ya kama takalminsa.

Ɗigo na biyu ya sauka a ƙeyarsa. Kafin ya zare ƙafa ɗaya, gabas ta yi fari fat, suka ji shi yana tahowa ta kan gonaki, shaaa, ba yayyafi ba ne.